Allura Mai Tsaga Biyu

Ina shanya a bayan gida ranar da labarin ya iso ni. Na ji tsayuwar mota a ƙofa, kuma tun kafin in leƙa na gane ta, don ƙofarta ta baya ba ta rufuwa sai an buga ta sau biyu. Motar gonar gwajin iri ce, inda maigidana ya yi shekara goma sha tara yana feshi. Tun da ya rasu, shekara biyu da 'yan watanni ke nan, ba ta ƙara tsayawa a layinmu ba.

Dakta ce ta shigo, matar da ke kula da gwajin alkama a gonar. Ta rame, takalminta duk laka. Ta ja kujerar ƙarfen da ke bakin taga ta zauna. Ba ta san ta maigidana ba ce.

"Yaya, bana kaɗai manyan gonar suka ba ni," ta ce bayan mun gaisa. "Shekara biyu a jere feshin bai kama ba. In na bana ma ya ƙi, za a nome filin a zuba wani abu, a rufe maganar. Maganin ma jarka ɗaya ta rage, kuma ba za a sake aiko da wata ba."

Na ce Allah ya kyauta. Na san filin nan. Maigidana ne ya kafa turakunsa huɗu da hannunsa.

"Na zo in tambaye ki ne ko ya bar wani littafi a gida. Ko takarda, ko bayan kwali, duk inda yake rubutu."

Dariya ta kuɓuce mini. "Ranki ya daɗe, mutumin da sunansa ma sai ya fito da harshe kafin ya gama rubuta shi?"

Ga abin da ake yi a filin. Alkama ba ta neman miji a waje. Kowane ɗan fure a zangarniyarta yana da mace da namiji a ɗaki ɗaya, kafin ya buɗe ma sun gama aurensu. Masu gwaji kuma so suke su aurar da wata alkama ga wata, mai jure zafi ga mai cika buhu, don irin da ake samu ya fi iyayen duka biyun. To dole sai an raba macen da namijinta tukuna. Da can da hannu ake yi. Ni kaina na yi shekara goma sha ɗaya a wannan aikin, mu goma sha biyu mata, kowa a kan ɗan bencinta da hantsaki, muna buɗe fure muna zare 'yan jakunkunan garin namijin furen uku-uku da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ki yini wuyanki ya ƙage, idonki ya yi ja, irin da za a samu bai cika tafin hannu ba. A nan maigidana ya gan ni. Ya riƙa tsayawa da tankinsa yana tambaya ko akwai ruwan sha, alhali ga famfo a bayansa.

Sai aka kawo maganin. In an fesa shi a layukan da aka zaɓa su zama mata, namijin furen sai ya bushe tun bai yi gari ba. Macen kuma tana nan lafiya lau, ta buɗe tana jiran garin da iska za ta kawo daga layukan maza da aka shuka a gefe. Aikin da mata goma sha biyu ke yi a wata guda, mutum ɗaya ya gama kafin rana ta yi zafi. Ƙawayena suka sa masa suna Mai Dandaƙa, in ya doso suna cewa maza su matsa. Shi ma dariya yake yi.

Amma maganin yana da ranarsa. Ana fesawa ne tun zangarniyar tana jaririya a cikin kara, ba a ganinta sai an tsaga. In ta yi ƙanƙanta, ba ya kama ta. In ta girma da yawa, an makara. Shekara huɗu maigidana yana leƙa ofis ya ce wa Dakta, "Gobe," kuma shekara huɗun nan bai taɓa kuskure ba.

"To da me yake ganewa?" in ji Dakta. "Duk ranar da ya ce a fesa mun tsaga kara mun auna, mun rubuta tsawon. Lambar tana nan a littafi. Ita muke bi, kuma ta ƙi."

Na ce, "Ai da allura yake awo."

Tana nan inda ya soke ta a kalmasar labule. Babbar allurata ce ta ɗinkin buhu, ya ara bai mayar ba. Ya yi mata tsaga biyu da zarto, ɗaya kusa da tsini kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa, ɗayar a sama kamar gaɓar yatsa guda. Dakta ta karɓa ta juya ta a hasken taga.

"Me ya sa biyu?"

"Ta saman ta uwa ce, ta ƙasan ta auta."

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Sai na yi mata bayani. Kowane gindin alkama yana da babban kara, shi muke ce wa uwa, sannan ga 'ya'ya da ke tohowa a gefe daga baya. Da sassafe yakan tumɓuko gindi biyar daga tsakiyar fili, ya kawo gida lokacin karin kumallo, ya zube su a farin tire. Shi ya tsaga uwar da reza, ni ya turo mini 'ya'yan, don yatsunsa kamar taɓarya suke, murƙushe su yake yi. Ba ya cewa gobe sai autar cikinsu ta kai tsagar ƙasa, uwar kuma ba ta wuce ta sama ba.

Dakta ta miƙe tsaye. Ta zauna. Ta sake miƙewa.

"Mu uwar kaɗai muke aunawa," ta ce. "Uwar kaɗai. Muna fesawa 'ya'yan ba su isa ba, su tsira, su yi gari, su ɓata filin duka. Yaya, bai taɓa gaya mini ba."

"Ni ma ban san aiki ba ne. Na ɗauka hira muke yi a kan shayi."

Ta riƙe hannuna da allurar a ciki har ta kusa soke mu mu biyun. Ta ce alkamar ta kai gwiwa, kwana goma ya rage ko bai kai ba, in zo in tsaga musu. Tun da aka ɗauko gawar maigidana daga asibiti ban ƙara bin hanyar gonar ba, ko a mota na kan kau da kai. Amma na ji bakina ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Washegari motar ta ɗauke ni. Filin yana nan yadda na san shi, layin mata shida, layin maza biyu, haka har bakin magudanar ruwa. Mutum biyu suka tarye mu. Ɗaya ma'aikacin da ke riƙe da littafin gwaji ne, wanda ake kira Kalanda, don ko atishawa zai yi sai ya duba kwanan wata. Ɗayan sabon mai feshi ne, Dogo. Da na ga tankin da ke bayansa sai ƙafata ta tsaya. Igiyar kafaɗar hagu ɗinkina ne, da baƙin zare, tun shekarar da ta tsinke wa maigidana a tsakiyar layi.

"Inna, an ce ke kika ɗinke ta," in ji Dogo. "Duk gonar nan ita kaɗai ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Kalanda ya gaishe ni da ladabi, amma idonsa yana kan allurar. "Inna, wannan ce za ta gyara abin da ma'auninmu ya kasa?"

"Ɗana, naka ma'aunin ya fi ta kyau. Uwa kawai yake gani, bai san tana da goyo ba."

Aka ajiye mini tebur a inuwar sito, da farin tire da sabuwar reza. Na ɗauka hannuna ya manta. Ina kama kara na farko na ji yatsuna sun san hanya. Ki cire ganye ɗaya bayan ɗaya, ki tsaga a hankali daga gaɓa, sai ga ta nan, 'yar zangarniya fara sol, mai laushi kamar haƙorin jariri kafin ya fito. Na ɗora ta a jikin allura. Dakta ta sunkuyo da madubin ƙara girma, Dogo ya sunkuyo ta kan Dakta, har suka tare mini haske na kore su.

Kowace safiya haka. Kullum tana ƙaruwa kaɗan, kullum mutanen da ke zagaye teburin suna ƙaruwa. Direba ya fara zuwa kallo. Mai gadi ya bar ƙofa. Tsofaffin ƙawayena biyu da har yanzu suke tsintar iri a sito suka jawo bencinsu, suna cewa matar Mai Dandaƙa ta gaji mijinta.

Rana ta shida Kalanda ya auna uwar da ma'auninsa ya rufe littafi. "Ta kai lambar. Gobe feshi."

Na tsaga auta ta farko, ta biyu, har ta biyar. Babu wadda ta kai tsagar ƙasa. Saura kamar kaurin zare uku.

"Ba gobe ba," na ce.

"Inna, yanzu iska a kwance take. An ce za ta taso ƙarshen mako. In muka bar wannan damar, uwar ta wuce, mun rasa duka, uwa da 'ya'ya."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Ni ba Dakta ba ce, ba ni da littafi, allura ce kawai da abin da na tuna. Amma na tuna maigidana zaune a kujerar ƙarfe yana hura shayi yana cewa, "Uwa tana iya jira, auta ce ba a yi wa gaggawa."

Dakta ta kalli filin. Sannan ta sa aka kafa turke a tsakiya, aka ja igiya. Rabin gabas na Kalanda, a fesa gobe. Rabin yamma nawa, sai ranar da na ce. Jarkar ma aka raba ta biyu.

"In rabi ɗaya ya yi, ya ishe ni in je in tsaya a gabansu," ta ce. "In duka suka ƙi, to mun yi iya namu."

Aka fesa na Kalanda. Bayan kwana biyu autar ta hau tsagar ƙasa daidai, na nuna wa kowa, ƙawayena har da tafi. A ranar iska ta taso.

Ba a feshi cikin iska, don za ta kwashe maganin ta kai wa layin maza, a wayi gari babu ango a filin gaba ɗaya. A tagar ɗakinmu akwai zaren da maigidana ya ɗaura a ƙusa, da ɗan gashin kaza a ƙarshensa. Shi yake fara dubawa kafin ya sa takalmi. Shekara biyu ban kalle shi ba, ban kuma cire shi ba. Yanzu na koma ina tashi ina dubansa. Rana ta farko yana kaɗawa kamar tuta. Rana ta biyu ma haka. A tebur kuwa uwar tana hawa, tana hawa, ta doshi tsagar sama. Kalanda bai ce na gaya miki ba. Ya dai riƙa kawo mini ruwa, wanda ya fi maganar ciwo.

Safiya ta uku, gari ya fara haske, na ɗaga labule. Zaren a miƙe yake, gashin bai ko motsi. Na tsaya na ƙirga har ɗari. Bai motsa ba.

Ban jira mota ba. Ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga zaune, na kama hanya da sassarfa, takalmi a hannu. Na wuce mai buɗe shago, na wuce mata biyu masu shara, kowa yana tambaya ko lafiya, ina cewa lafiya lau, feshi za a yi. Na iske Dogo a bakin sito ya riga ya goya tanki, ya sa safar hannu da abin rufe hanci.

"Tun ɗazu nake jiran ki, Inna. Na ce in ba ki zo ba zan je in goyo ki a madadin tankin."

Na tumɓuko gindi a tsaye na tsaga. Uwar tana ƙasan tsagar sama, kaurin gashi ya rage. Na ce, "Bismillah." Kalanda da kansa ya ɗauki allon kwano ya riƙa bin gefen Dogo yana kare layin maza. Raɓa ta fara bushewa, ganyen ya sha magani ya yi sheƙi. Layi shida, a tsallake biyu, layi shida. Dogo yana saka ƙafa a layin ƙarshe ganyen bishiyar bakin magudana ya fara motsi. Ya fito, ya kashe famfon tankin, iska ta dawo kamar dama a bakin ƙofa take jira.

Daga nan sai jira. Da zangarniyoyi suka fito, kafin su yi fure, aka sa wa ɗari ambulan a kowane rabi, aka manne bakin. Ita wadda ke cikin ambulan garin waje ba ya isa gare ta. In ta yi ƙwaya, namijinta bai mutu ba ke nan. In aka same ta wayam, magani ya kama. Na ce a sa wa ƙanana ma, ba dogaye masu kyau kawai ba. Kalanda ya durƙusa ya bi su ɗaya-ɗaya har wandonsa ya koma launin ƙasa.

Ranar da filin ya yi fure ba zan manta da ita ba. Da hantsi na tsaya a rabin yamma. Zangarniyoyin sun buɗe baki, kowane fure a wangale, rana tana ratsa su kamar an kunna musu fitila a ciki. Na girgiza ɗaya a tafin hannuna, babu ko ɗigon gari. Sai iska ta biyo ta kan layin maza, ƙura rawaya ta tashi ta bazu a kan matan. Iskar da muka yi kwana biyu muna tsine wa, yau ita muke roƙo. Ƙawata ta ce, "Ga 'yan ɗaurin aure sun iso," muka yi dariya har na zauna a ƙasa.

Bayan mako biyar aka yanko ambulan ɗari biyun aka zube a dogon teburin sito. Kowa ya zo, har mai gadi. Aka fara da na gabas. Dakta tana yagewa, tana murza zangarniyar a tire. Wasu ƙaiƙayi kawai. Wasu sai ka ji ƙwaya ta faɗi, ƙwas. Talatin da ɗaya suka yi ƙwaya, kusan duka ƙananan ne. Kalanda ya rubuta, bai ɗago ba.

Sai nawa. Dakta ta turo mini tiren ta ce ni zan buɗe. Na yage na farko. Na murza. Babu komai.

"Wayam," in ji Dogo.

Na biyu. "Wayam." Daga na goma kowa ya kama, ana amsawa baki ɗaya kamar 'yan makaranta. Duk rayuwata in aka ce zangarniya ba ƙwaya jaje ake yi, ranar nan kuwa manya da furfura suna tsalle a kan ƙaiƙayi. A na arba'in da bakwai ƙwaya ta faɗi, ɗakin ya yi tsit. A na sittin da biyu wata ta sake faɗowa. Dakta ta ce in dai ba su wuce biyar ba mun tsira. Na ci gaba. Tamanin. Casa'in. Ban ƙara ganin tiren sosai ba, da yatsa nake lalubawa. Na ɗari na murza, na sake murzawa, na busa. Ƙaiƙayin ya tashi ya bar farin tire.

"Casa'in da takwas!" Kalanda ne ya faɗa, kuma shi ya fi kowa ɗaga murya.

Dogo ya ruga fili ya dawo da damin zangarniyoyin da ba a rufe ba daga rabin yamma, ya murza a gabanmu. Ƙwaya ta zubo ta cika tiren har tana gangarowa. Kowace ɗaya 'yar aure ce, ubanta daga layin gefe. Na ɗebi cikin hannu biyu. A da, wannan aikin kwana nawa ne a kan benci.

Dakta ta rungume ni tana kuka tana dariya. Filin ya tsira, ta ce, ba mai nome shi. Ta buɗe sabon shafi ta rubuta sunan maigidana a sama da manyan baƙaƙe, ta rubuta nawa a ƙasa, ta nuna mini. Na kalli nasa na daɗe. Da yana nan cewa zai yi duk wannan hayaniyar a kan allurar da ya ara ce, kuma ba zai mayar ba.

Da za mu tashi Kalanda ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya. "Inna, ki ara mini ita in auna tsagar."

"Wanda ya ara na farko har ya mutu bai dawo da ita ba. Ka auna a nan ina kallo."

Ya auna a gabana, sau uku. Daga baya ya sayo allurai goma ya tsaga su da zarto, yanzu kowa a gonar yana da tasa soke a hula. Tawa ta koma kalmasar labule. Duk shekara in alkama ta kai gwiwa motar tana zuwa, in ji an buga ƙofar baya sau biyu, in ɗauki tire.

Sauran ranakun babu abin da ya haɗa ni da feshi. Amma kowace safiya kafin in ɗora ruwan shayi ina ɗaga labule in dubi zaren. Gashin kazar na canza shi sau biyu. In yana kaɗawa sai in ce, "Yau sai haƙuri." In kuwa a miƙe yake, sai in juya wajen kujerar ƙarfe in ce, "Yau da ka fita da wuri."